Yaron da ke shiɗewa: wane magani ya dace da shi?

Assalamu alaikum. Iyaye mata da ke can baya, ku matso, maganar yau taku ce.

Kun san yaron da za a ƙwace wa abu a hannu, ya tsala ihu sau ɗaya, sai kukan ya ɗauke. Baki buɗe, ba sauti, leɓɓa su yi duhu, jiki ya saki. Kafin minti guda ya ja numfashi ya dawo. Shiɗewa ke nan. Tana farawa ne tsakanin wata 6 da shekara 2, kuma yawanci kafin shekara 6 ta tafi da kanta. Akwai wata iri da tsoro ko buguwar kai ke tayarwa: yaron ba ya ma yin kuka sosai, sai ya ɗashe ya sulale, don bugun zuciyarsa ya yi jinkiri na ɗan lokaci.

Abin da ke damuna shi ne a ruga kemis a sayo fenobabiton. Jama'a, wannan maganin farfaɗiya ne, ba ya hana shiɗewa, sai dai ya bar muku yaro yana layi da barci. Farfaɗiya kan zo ba tare da an taɓa yaro ba. Shiɗewa kuwa kusan kullum akwai abin da ya tsokano ta.

Maganin da ya fi nuna amfani shi ne na ƙarin jini, wato mai sinadarin ayon. Wani bincike da aka yi a Jodan, aka wallafa a 1997, an ba yara miligiram 5 a kan kowane kilo na nauyinsu kullum har mako 16, kuma shiɗewar ta ragu ƙwarai. Mu nan da zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki ke cin jinin yara, ga koko safe da yamma, ai dole mu fara dubawa ta nan. Amma a auna jini tukuna, musamman mai sikila, kada a ba shi sai likita ya ce. Kashin yaro zai yi baƙi, kada ku firgita. Kada a haɗa shi da shayi, yana hana jiki tsotse shi. Kwalbar kuma a ɗora ta sama, domin in yaro ya shanye ta, guba ce mai kisa.

Akwai wasu magungunan: firasitam da aka gwada a Turkiyya da Masar, da atrofin ga yaran da ke ɗashewa mai tsanani. Waɗannan hurumin likitan yara ne, bayan ya duba hoton bugun zuciya.

Wata Hajiya ta tambaya me za ta yi lokacin da abin ya zo. Kwantar da shi a gefensa, kada ki cusa masa cokali, kada ki ɗura masa ruwa ko rubutu. In ya wuce minti guda bai farfaɗo ba, ko bai kai wata 6 ba, ko da zazzaɓi a jikinsa, to asibiti a ranar.