Masu Cewa a Bar Tone-tone, Ina Kuke Tun 1865?

Jama'a masu sauraro, duk watan Yuni sai an sake jin tsohuwar maganar nan daga bakin wasu 'yan siyasa da masu sharhi a Amurka. Wai bikin Juneteenth, wanda ake yi duk 19 ga Yuni don tunawa da 'yanta bayi, raba kan ƙasa yake yi, wai bauta ta wuce, a bar tone-tone. To, yau sai mun tona.

Ranar 1 ga Janairun 1863 shugaba Abraham Lincoln ya ayyana 'yanta bayin da ke jihohin kudu masu tawaye. A Texas masu bayi suka yi kunnen uwar shegu, tunda babu sojan tarayya a kusa da zai tilasta musu. Sai ranar 19 ga Yunin 1865 Janar Gordon Granger ya ba da umarni a birnin Galveston cewa duk bayi sun 'yantu. Mutum kusan 250,000 ke nan da suka ci gaba da tsinkar auduga a banza, shekara biyu da rabi bayan doka ta ce su 'yantattu ne. Shekara biyu da rabi! Wa ya biya su ladan wannan gumi? Babu kowa.

Wasu kuma na cewa ai gwamnati ce ta ƙago bikin don neman ƙuri'ar baƙaƙen fata. Wannan ba ta ma isa a ɓata mata lokaci ba. Sai a 1980 Texas ta fara hutun ranar a hukumance, gwamnatin tarayya kuwa sai a 2021 Joe Biden ya sa hannu. Duk tsawon shekarun da ke baya, su wa suka riƙe shi? Mutanen da kansu. A 1872 tsoffin bayi a Houston, cikinsu har da Fasto Jack Yates, suka yi karo-karo suka sayi fili eka 10, don su sami inda za su taru ba tare da an kore su ba. Filin na nan har yau, ana kiransa Emancipation Park. A irin waɗannan filaye da farfajiyar majami'u aka yi ta gasa nama, ana addu'a, ana waƙa, dattawa na faɗa wa jikoki abin da ya faru. Har jan abin shan da ba a rasa shi a bikin, masana tarihin abinci da dama na danganta shi da zoborodo da goro na Afirka ta Yamma.

Ku dubi Opal Lee, wata baƙar fata 'yar Texas. Tana 'yar shekara 12, a 1939, gungun turawa suka ƙona gidan iyayenta a Fort Worth, kuma a daidai ranar 19 ga Yuni. A 2016, tana da shekara 89, ta shiga tattaki gari-gari, mil biyu da rabi a kowane zango, tana neman a mai da ranar hutun ƙasa. Wannan baiwar Allah za a kalla a ce ta manta? Haba!

Kuma wai ya wuce. Alƙaluman babban bankin Amurka na 2022 sun nuna dukiyar matsakaicin gidan farar fata ta kai dala 285,000, ta baƙar fata ba ta cika dala 45,000 ba. A 2023 hukumar ilimi ta jihar Florida ta amince da manhajar da ke cewa bayi sun koyi sana'o'in da a wasu lokuta suka amfane su. Ga masu sake rubuta tarihi da rana tsaka, amma mai kiɗa da gashin nama a unguwarsu shi ne mai raba kan ƙasa?

Inda nake da shakka guda ne. Tun da ranar ta zama hutu, 'yan kasuwa sun yi mata caa. A 2022 kamfanin Walmart ya fito da askirim mai sunan bikin, sai da jama'a suka yi ca a kansa ya janye ya ba da haƙuri. Ina tsoron kada tallan riga da kofi su danne muryar dattawan. Wannan gyara ne da masu bikin za su yi da kansu, kuma sun nuna sun iya. Amma wanda kakansa bai taɓa kwana a bukkar bayi ba, bai kuma taɓa biyan ko sisin kwabo na shekara biyu da rabin nan ba, ba shi zai yanka wa jikokin bayi ranar da za su yi shiru ba.