Mai Ciwon Ƙoda da Kifi: Ina Matsalar Take?

Saƙon nan da ke yawo a WhatsApp, wai mai ciwon ƙoda ya yi sallama da kifi har abada, ya tayar da hankalin gidaje da yawa a Kaduna. Jama'a, ba haka zancen yake ba. Kifi abinci ne mai gina jiki, kuma wanda ake yi wa wankin ƙoda ma ya fi buƙatar furotin, domin injin yana tafiya da wani abu daga ciki.

Ga tire biyu daga kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Na farko ɗanyen tarwaɗa ne da karfasa. Na biyu banda ne, da ƙananan busassun kifi, da sadin na gwangwani.

Ƙoda mai lafiya tana zubar da rarar fosfaras da fotasiyam, wato wasu ma'adinai da ake samu a abinci, ta fitsari. In ta raunana sai su taru a jini. Fosfaras ya riƙa janye kalsiyam daga ƙashi, ga ƙaiƙayi mai hana barci. Fotasiyam kuwa in ya hau yana iya rikita bugun zuciya.

To, a nan ake yin kuskuren, ku saurara da kyau. Idan aka busar da kifi, ruwa ne kawai ya tafi, ma'adinan suna nan daram. Ɗan tsagin bandan nan da ba shi da nauyi a hannu, abin da ke cikin babban yankan ɗanyen kifi ne ya dunƙule a cikinsa. Sannan ƙaya. Nan ne fosfaras ya fi taruwa. Uwargida ta daka busasshen kifi da kansa da ƙayarsa ta zuba a miyar kuka, mara lafiya ya shanye yana ganin ai bai ci kifi ba. Sadin ma da ƙayarsa ake cinye shi, ga gishirin gwangwani.

Sai romo. Na san farfesun tarwaɗa romonsa ne daɗinsa, kuma abin yana ba ni tausayi, amma fotasiyam cikin ruwan dahuwa yake sauka. A tafasa ɗanyen kifi, a zubar da ruwan farko, a zare ƙaya, a ba shi tsoka kamar faɗin tafin hannunsa.

Gishiri kada ya kai giram 5 a yini, ƙaramin cokali ɗaya ke nan bai cika ba, kuma dunƙule da kanwa suna cikin lissafin. Gishirin da ake tallatawa da cewa sodiyam ɗinsa kaɗan ne, fotasiyam aka zuba a madadinsa, kada ya shiga tukunyarsa. In likita ya rubuta maganin kama fosfaras, tare da abinci ake shansa, ba bayan awa biyu ba.

Sau nawa zai ci kifi a mako? Gwajin jininsa ne zai faɗa. Ranar ganin likita, a asibitin Barau Dikko ne ko a asibitin Shika, mai girkin ta bi shi, ta tambaya da bakinta.