Hawan jirgi kyauta: wa ke biya, me ake samu?

Laccar da wani tsohon ma'aikacin reluwe ya gabatar a wani zauren taro a Kubwa, Abuja, kamar yadda aka kwafo daga faifan murya.

Assalamu alaikum. Iyayena, malamai, 'yan uwa maza da mata, na gode da kuka ba ni wannan dama.

Shekarata talatin da 'yan kai ina aikin reluwe, har yau idan na ji kukan jirgi daga nesa gabana yakan faɗi don murna. To maganar da zan yi ta mai son abin ce.

Mu mutanen Abuja mun sha ganin biki a bakin dogo. A watan Yulin 2016 Shugaba Buhari ya buɗe layin Idu zuwa Rigasa, wato Abuja zuwa Kaduna, mai tsawon kilomita 186. A Yulin 2018 aka ƙaddamar da jirgin cikin gari, wanda ya tsaya a 2020 lokacin korona. Ranar 29 ga Mayun 2024 Shugaba Tinubu ya sake buɗe shi, aka ce a hau kyauta wata biyu, daga baya aka ƙara har ƙarshen shekara. Kafin nan, daga 21 ga Disamban 2023 zuwa 4 ga Janairun 2024, an yafe wa jama'a kuɗin tikiti a jiragen ƙasa albarkacin bukukuwan ƙarshen shekara.

Akwai masu cewa duk wannan ɓarnar kuɗi ce. Ban yarda ba, bari in faɗa muku dalili.

A lokacin kyautar nan ta 2024 na ɗauki yayata da jikokinta biyu muka je muka hau. Tsohuwa ce, rabonta da jirgi tun tana budurwa, zamanin da ake kwana a hanya tsakanin Kafanchan da Kano. Da ƙyar ta yarda ta taka tarago. Ta riƙe ƙarfen kujera da hannu biyu, tana ta salati. Jirgi ya yi nisa kaɗan sai na ga ta saki ƙarfen, ta zare goro daga bakin zanenta, ta juyo ta ce, "Ashe ba ya jijjiga, Malam?" Yaran kuwa sun manna goshi a gilashi ba su ɗaga ba sai da muka iso filin jirgin sama. Gani ya kori ji. Da a rediyo aka yi wata guda ana talla, ba za a cire mata tsoron da tafiyar nan ɗaya ta cire ba.

Wannan amfani ne babba, musamman a gare mu. Reluwe ya iso Kano tun 1911, amma an yi shekaru da dama jirgi ya ɓace daga rayuwar talaka, aka haifi yara suka girma ba su taɓa riƙe tikiti ba. Ga kuma harin da aka kai wa jirgin ƙasa ranar 28 ga Maris 2022 a hanyar Kaduna, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, da ya sa layin ya tsaya har Disamban shekarar. Wanda ya tsorata sai an lallaso shi.

To amma kyauta ga fasinja ce kawai. Kan jirgi bai san biki ba, man dizal ɗinsa zai sha. Birki yana cinyewa, ƙafafun tarago suna son a duba su, masu shara da jami'an tsaro da direbobi za a biya su. Ranar kyauta ma tarago ya fi shan wahala, don cika yake yi maƙil, ban-ɗaki ya toshe, kujera ta yage. Kuɗin nan daga baitulmali yake fitowa, wato har da aljihun manomin da ke ƙauyen da dogo bai ratsa ba. Kuma layin Kaduna da rancen China aka gina shi, bashin ana biya.

Sannan rumfuna da kujerun haya da makaɗa da fentin da ake shafawa ana gobe manyan baƙi za su zo. Wannan ba zan daɗe a kansa ba, kun fi ni gani.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne a gama kyauta ba a ƙirga komai ba. Mutum nawa suka hau? A wace tasha? Nawa ne suka dawo da kuɗinsu bayan an fara sayar da tikiti? Ɗan kasuwa a Wuse idan ya ba ka ɗanɗano, yana kallon ko za ka dawo ka sayi mudu. Mu ma haka ya kamata. Ma'aikacin da ke zaune a Kubwa yana aiki a sakatariya ba zai bar motar haya ba sai ya tabbata jirgi zai tashi a lokacin da aka rubuta, kuma kuɗin keke daga gidansa zuwa tasha bai fi na tikitin ba.

Da ni za a tambaya, rabin kuɗin biki zan ware in sa motocin bas da za su riƙa kwaso mutane daga unguwanni zuwa tasha. Kyautar kuma in mayar da ita ta 'yan makaranta, ranar Talata ko Laraba da rana, lokacin da taragu ke tafiya da sauran wuri. Kowace makaranta a ba ta ranarta, a sa tsohon direba ya zaga da yaran ya nuna musu sigina da yadda ake juya dogo. Ni kaina na yarda in yi wannan aikin ba ko sisi.

Na ga Hajiya a baya ta ɗaga hannu tun ɗazu. Bismillah, Hajiya, a miƙa mata abin magana.