Akwatin da Ba Ya Tashi: Lacca kan Horar da Matuƙa Jirgin Sama da Na'ura

Assalamu alaikum warahmatullah. Na can baya kuna jina? To madalla. Shugaban taro ya ba ni minti arba'in, na kuma ga ya kwance agogonsa ya ajiye a gabansa, don haka gaisuwa ta tsaya nan. Abubuwa huɗu na zo da su kan inda masu bincike suka dosa a sha'anin horar da matuƙa jirgin sama. Amma ku bar ni in ɗan taɓa tarihi tukuna.

A 1929 wani matashi Ba'amurke, Edwin Link, ya harhaɗa wani akwati a masana'antar mahaifinsa da ke Binghamton. Mahaifin kayan kiɗa yake ƙerawa, irin masu aiki da iska, sai yaron ya kwashi zugazugansu ya sa a ƙarƙashin akwatin. In ka motsa sanda, akwati ya karkata, ya duƙa, ya ɗaga. Da farko masu wuraren wasa ne suka fi saye. Sai a 1934, da aka ɗora wa sojojin saman Amurka jigilar wasiƙu, cikin 'yan makonni matuƙa fiye da goma suka rasu, da yawansu cikin duhu ko mummunan yanayi. Nan aka tuna da akwatin Link, aka sayi shida. Kafin yaƙin duniya na biyu ya ƙare an ƙera sama da 10,000. Abin da akwatin nan ya koyar guda ɗaya ne: in ka shiga gajimare, jikinka maƙaryaci ne. Kunnenka na ciki zai rantse maka jirgi a miƙe yake, alhali ya karkata. Ka yarda da agogunan gabanka, wato na'urorin da ke nuna gudu da tsayi da karkatar jirgi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

To, na farko, na'urar kanta. Jikan akwatin Link shi ne simuletar yau, ɗakin tuƙi sukutum a kan ƙafafu shida masu motsi. Mai daraja ta sama a cikinsu ta kai ƙwararren matuƙi ya koyi sabon samfurin jirgi a cikinta kacokan, ranar da zai fara tuƙa na gaskiya da fasinja a bayansa. Matsalarta tsada, miliyoyin daloli, ga gini, ga masu gyara. Shi ya sa bincike ya karkata ga tabarau ɗin nan da kake sawa ka tsinci kanka a wata duniya. A 2018 sojojin saman Amurka suka fara gwada horo da shi a Austin, a 2021 kuma hukumar kula da lafiyar jiragen sama ta Turai, EASA, ta amince da na'urar farko irin wannan, ta jirgi mai saukar ungulu ƙirar Robinson R22, wadda wani kamfanin Switzaland ya ƙera. Ana kuma ta muhawara shekara da shekaru kan ko motsin ƙafafun nan shida yana ƙara wa gogaggen matuƙi wani abu. Wannan ke nan, ba zan daɗe a kansa ba.

Na biyu, kuma wallahi shi ne ya kawo ni nan: razana.

Daren 31 ga Mayu wayewar 1 ga Yuni, 2009, jirgin Air France mai lamba 447, ƙirar Airbus A330, ya taso daga Rio zai tafi Faris da mutum 228. Yana tsakiyar tekun Atilantika, ƙafa 35,000 a sama, ƙanƙara ta toshe bututun da ke auna gudun jirgi. Na'urar tuƙi mai sarrafa kanta ta ga alƙaluman sun saɓa wa juna, ta saki jirgin, kamar ta ce ga kayanku nan. Kyaftin yana hutu a lokacin, mataimaka biyu ne a gaba. Ku lura da kyau: injina lafiya lau. Fikafikai lafiya lau. Bututun ma bai jima ba ya buɗe. Amma wanda ke riƙe da sanda ya ja hancin jirgi sama, ya hau har wajen ƙafa 38,000, gudu ya ragu, fikafikai suka daina ɗaukar jirgin. Wannan shi ma'aikatan jirgi ke kira sitol. Maganinsa ɗalibin makon farko ya sani: duƙar da hanci, nemo gudu. Daga sakin na'ura zuwa faɗawa ruwa bai kai minti biyar ba.

Kada wani ya zauna nan ya ce ai sakaci ne. Ina roƙonku. Mutanen nan suna da lasisi, suna da dubban sa'o'i, sun ci jarrabawarsu. Ku ji abin da suka fuskanta. Dare ne, ba a ganin komai a waje. Ƙararrawa iri-iri na kuka. Sannan abin da ya fi tsaya mini a rai: da gudun ya faɗi ƙasa sosai, kwamfuta ta ɗauka alƙaluman ba su da ma'ana, sai ƙararrawar sitol ta yi shiru. In suka duƙar da hanci, wato suka yi daidai, gudu ya ɗan dawo, sai ƙararrawa ta sake tashi. Ka yi daidai a yi maka ihu, ka yi kuskure a yi shiru. Link ya ce ka yarda da agogo. To in agogo ya yi maka ƙarya sau ɗaya cikin duhu, yaushe za ka sake yarda da shi?

Wata mai bincike a Ingila, Lisanne Bainbridge, ta hango wannan tun 1983, kuma ba ma kan jirgi kaɗai take magana ba. Ta nuna cewa in ka ba na'ura aikin yau da kullum, ka bar wa mutum sa ido, to ka hana shi atisaye, sannan ranar da abu ya gagari na'ura shi za a miƙa wa, a mafi munin lokaci.

Yanzu ku zo mu shiga simuleta. Shekaru da yawa yaya ake jarrabawa? Matuƙi ya san ranar, ya san injin zai mutu yana kan tashi, har kusan ya san a wane gudu. Kamar ɗalibin da aka ba takardar tambaya tun daren jiya, ya zo da safe yana mamakin sauƙinta. (Dariya.) Stephen Casner na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, da abokan aikinsa sun gwada wannan da matuƙan Boeing 747. Suka ba su matsalolin da suka saba gani a horo, a yadda suka saba ganinsu, kowa ya yi daidai. Suka sake ba su matsalolin nan dai, amma a lokacin da ba su zata ba. Sai ga jinkiri, ga bambanci tsakanin wannan da wancan, ga kurakurai. Matsala ɗaya, mutum ɗaya. Zato ne kawai aka cire.

Kuma a wani binciken nasu na 2014 sun gano abin da ni kaina ya sauya mini tunani. Kowa na cewa matuƙan zamani sun manta tuƙi da hannu. Ashe hannun bai cika mantuwa ba. Abin da ke tsatsa shi ne kai: ina nake yanzu, me ke gaba, wannan agogon lafiyarsa ƙalau kuwa? Hannu na riƙe karatu, ƙwaƙwalwa ce ke saki. Ina so ɗalibai su rubuta wannan, domin in ka fahimce shi za ka ga ƙara wa mutum sa'o'in murza sanda kaɗai ba zai warkar da ciwon ba.

Malam na gefen taga yana girgiza kai, na san abin da zai ce: to a riƙa razana su mana. Haka ake yi yanzu, amma da lura. A jami'ar Delft ta ƙasar Holan, Annemarie Landman ta gwada horo mai sauye-sauye, wanda ba ka san me zai lalace ba ko ta wane ɓangare, aka ga waɗanda suka sha irinsa sun fi iya tunkarar sabuwar matsala. Ana kuma koya wa matuƙa wani abu da za ku ce ya yi sauƙi da yawa: in abu ya faɗo, sassauta kafaɗa, ja numfashi, faɗi da baki abin da idonka ke gani, ka ji ko abokin tuƙinka shi ma haka ya gani. Daƙiƙa kaɗan ne. Firgita ta jiki, wadda ke sa ka zabura, da kanta take wucewa. Ruɗewar kai, wato hoton da ke ranka ya saɓa da abin da jirgi ke yi, ita ce mai daɗewa, ita ce mai kisa. Razana dai, razana.

Akwai kuma haɗarin koyar da abin da ba haka yake ba. A Nuwamba 2001 jirgin American Airlines 587 ya faɗi a Niyok bayan mataimakin matuƙi ya yi ta taka fedar wutsiya hagu da dama har wutsiyar ta ɓalle. Hukumar bincike ta ce wani ɓangare na horon da ya samu ya taimaka, domin atisayen simuleta ya ba shi hoton da bai dace da jirgin gaskiya ba. Simuleta ba ta san komai ba sai abin da aka zuba mata. Kafin 2009 yawancinsu ba su da ingantattun bayanai kan yadda jirgi ke yi bayan ya shiga sitol sosai. Bayan haɗarin jirgin kamfanin Colgan a Buffalo a Fabrairun shekarar, inda mutum 50 suka rasu, da na Air France, aka koma aka gyara lissafin, Amurka kuma ta wajabta wa kamfanoninta horon cikakken sitol a simuleta zuwa 2019.

Shugaba ya ɗaga mini yatsu biyar. To, na biyu... a'a, na uku, bayanai. Jirgin yau yana naɗe ɗaruruwan abubuwa a kowace tafiya. A 2013 hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta fitar da tsarin horo bisa hujja: a duba inda matuƙa ke tuntuɓe a zahiri, a gina horo a kansa, a riƙa auna sadarwa da yanke shawara da rarraba aiki, maimakon jerin motsin da aka gada tun zamanin jirage masu farfela. Ana sa kyamara mai bin ƙwayar ido, malami ya nuna wa ɗalibi cewa daƙiƙa kaza bai kalli agogon gudu ba. Ana auna bugun zuciya. Ana gwada ƙirƙirarriyar basira ta zaɓa wa kowa darasin da ya dace da rauninsa. Ido ba mudu ba, ya san kima, amma malami a kujerar baya ƙeya yake gani, wannan kyamarar ta ba shi fuska. Sai dai mu tuna jirgin Boeing 737 MAX: an sauya halin jirgi, aka ce gajeren darasi a kwamfutar hannu ya isa, mutum 346 suka rasu a haɗari biyu, 2018 da 2019, kafin a dawo ga simuleta. Na huɗu kuwa... ga hannu can, bismillah, ƙanwata.

Mai tambaya: Malam, na gode. Wannan bayanin ido da bugun zuciya, a hannun wa yake zama? In aka razana ni na kasa, ba da shi za a kore ni ba?

Allah ya yi miki albarka, wannan ta fi na huɗun da na shirya. Tsoronki a kan hanya yake, kuma ina tare da ke. Matuƙin da ya san kowace ƙiftawar idonsa za ta shiga fayil ɗinsa ba zai koyi komai ba, wasan kwaikwayo zai yi wa kyamara. Kuma horon razana ba ya aiki sai in an ba mutum damar ya kasa, ya zauna da malaminsa su warware abin, ya sake gwadawa. Ra'ayina a fili yake: a raba zaman koyo da zaman jarrabawa, bayanin zaman koyo ya tsaya tsakanin ɗalibi da malami, in zai fita wurin masu bincike a cire suna.

An taɓa koyon wannan darasi da tsada. Ranar 1 ga Disamba, 1974, jirgin TWA 514 ya daki dutse a jihar Bajiniya yana shirin sauka a filin Dulles, mutum 92 suka rasu, saboda rashin fahimta kan tsayin da aka yarda su sauko. Da aka bincika, ashe makonni shida kafin nan matuƙan wani kamfani sun yi kusan wannan kuskuren a wurin, suka tsira da ƙyar, suka kai rahoto, amma rahoton bai wuce kamfaninsu ba. Daga nan aka kafa tsarin kai rahoto na sirri a 1976, aka kuma damƙa shi ga NASA da gangan, domin ita ba ta ba da lasisi, ba ta ƙwacewa. Har yau yana aiki. Irin wannan katangar nake so a gina wa bayanin ido da na zuciya tun yanzu, kafin kyamarorin su cika ko'ina, kuma ku masu neman abin da za ku yi bincike a kai, ga fili nan. Shugaba ya maida agogonsa hannu. Mai sauran tambaya ya same ni a bakin ƙofa. Wassalamu alaikum.