Lacca Kan Yadda Allurorin Gaban Direba Ke Aiki

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu direbobi, 'yan'uwana kanikawa, da yaranmu masu koyon sana'a, barkanku da zuwa.

Abin da nake so mu fara fahimta shi ne, babu wata allura a dashbod da take ganin cikin inji da kanta. Kowace allura 'yar aike ce. Akwai wata ƙaramar na'ura da kanikawa ke kira sensa, wadda aka dasa a tanki ko a jikin inji ko a giyabos, ita ce ke turo saƙo ta waya, allura kuma ta maimaita abin da aka gaya mata. Direban da ya san abin da sensar take aunawa, shi ne zai gane lokacin da zai gaskata allura da lokacin da ya kamata ya tsaya ya buɗa bonet.

Mu ɗauki maleji, wato allurar da ke nuna gudun mota. A shekarar 1902 wani injiniya Bajamushe, Otto Schulze, ya yi rajistar dabarar da motoci suka daɗe suna aiki da ita: kebur daga giyabos yana juya maganaɗisu a cikin wani ɗan kwanon alminiyam, ba sa taɓa juna, amma juyawar maganaɗisun tana jan kwanon, siririn sifirin kuma yana riƙe shi, sai allurar da ke manne da kwanon ta tsaya daidai ƙarfin jan. Motocin yanzu sun bar kebur, sensa ce ke ƙirga juyawa ta aika wa kwamfutar mota. To amma tsohuwar dabarar da sabuwar duk juyawar taya suke ƙirgawa, ba titi suke aunawa ba, shi ya sa wanda ya sa taya mafi girma daga wadda kamfani ya tsara, malejinsa zai riƙa nuna ƙasa da gudun da yake yi. Haka kuma motocin da ake shigowa da su daga Amurka, manyan lambobin malejinsu mil ne, kuma mil ɗaya ya kai kilomita 1.6. Direban da ya ga 80 ya ɗauka kilomita ce, alhali yana dab da 130.

Gejin fetur ba shi da wuyar ganewa. Akwai wani abu mai iyo a cikin tanki kamar gora a kan ruwa, yana da hannu, idan mai ya ragu sai ya sauka, wutar da ke tafiya zuwa allura ta canza. Da yake tanki ba akwati ba ne mai kusurwa huɗu, rabin farko da rabin ƙarshe ba lallai su kai ka tafiya ɗaya ba. Abin da zan ƙara kawai shi ne, famfon mai na yawancin motocin yanzu a cikin tankin yake, fetur ɗin ne ke sanyaya shi, don haka yawo kullum da jar alama yana rage masa kwana.

Inda nake so mu daɗe shi ne gejin zafi, domin a nan ake asarar inji. Sensarsa tana nutse ne a cikin ruwan da ke zagaya inji, yadda zafi ke ƙaruwa haka take ƙara barin wuta ta wuce. An ƙera inji ya yi aiki a wajen digiri 90, kuma ko da yake ruwa yana tafasa a digiri 100, murfin lagireto yana matse shi yadda sai ya kusa 120 kafin ya tafasa. Ku lura da abu biyu. A motoci da yawa na zamani, kwamfuta tana ajiye allurar a tsakiya cak duk da zafin yana ɗan hawa da sauka, don kada hankalin direba ya tashi, saboda haka ranar da kuka ga ta bar tsakiya ta nufi ja, zafin ya riga ya yi nisa. Na biyu ya fi haɗari: idan tiyo ya fashe ruwa ya tsiyaye, sensar ba ta cikin ruwa kuma, tana iya nuna zafi daidai ko ma ƙasa, alhali kan inji yana ƙonewa. A irin wannan hali hancin direba da idonsa sun fi allura, kuma kada kowa ya buɗe murfin lagireto inji na da zafi.

A nan zan yi magana da 'yan'uwana kanikawa kai tsaye. Al'adar cire tamostat, wato ɗan abin da ke hana ruwa zuwa lagireto har sai inji ya ɗau zafi, da sunan ƙasarmu ƙasar zafi ce, ban yarda da ita ba. Allura za ta kwanta ƙasa, mai mota ya ji daɗi, amma inji zai daɗe bai kai zafin aikinsa ba, kwamfuta ta ci gaba da ba shi mai fiye da kima, ainihin ciwon kuma, ko toshewar lagireto ne ko fanka ko famfon ruwa, yana nan ba a taɓa shi ba.

Jar fitila mai kama da buta, mutane da yawa sun ɗauka yawan baƙin mai take nunawa. Ƙarfin tura man take aunawa, kuma ba ta kamawa sai ƙarfin ya faɗi ƙwarai. Idan ta kama ana cikin tafiya, a sauka gefe a kashe inji nan take, ba a cewa bari a ƙarasa gari na gaba. Fitilar batir kuwa tana nufin altaneta ya daina caji, wanda ya kamata ya riƙa ba da wuta mai ƙarfin wajen bolt 14, kuma idan fanbel ne ya tsinke, a motoci da dama shi ne ke juya famfon ruwa, sai a sa ido kan gejin zafi.

Saura fitilar nan mai ruwan ɗorawa da hoton inji. Tun 1996 dokar Amurka ta wajabta wa motoci tsarin da ake kira OBD-II, wanda ke ajiye lambar kowace matsala a kwamfuta har a zo a jona na'ura a karanta. Abin takaici, akwai masu cire ƙwan fitilar ko su liƙe ta da salatif kafin su sayar da mota. Idan za ku saya, ku murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba: fitilun nan duka dole su kama, sannan su mutu bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba tun farko, a kira mai na'ura ya duba kafin a biya kuɗi.

Mai tambaya yana iya ɗaga hannu.