Darasi: Albasa, Zoɓo da Ƙwayoyin Hanji Masu Tasiri a Zuciya

Assalamu alaikum, masu sauraro, barkanmu da war haka. Darasinmu na yau daga nan Sakkwato ya shafi alaƙar da ke tsakanin hanji da zuciya.

A babban hanjin ɗan Adam akwai tiriliyoyin ƙwayoyin bakteriya, kuma daga abin da muka ci suke samun nasu abincin. Tsirrai suna ɗauke da sinadaran da masana ke kira polifenol, kamar wanda ya ba zoɓo jan launinsa, da kwasetin da ke cikin albasar da ake nomawa a fadamun Goronyo da Wurno. Mafi yawansu ƙaramin hanji ba ya iya tsotse su, sai sun gangara babban hanji, inda ƙwayoyin nan ke farfasa su har jini ya iya ɗauka, sannan su taimaka wajen rage kumburi da sassauta jijiyoyin jini. Haka kuma ɓangaren da ciki ba ya narkarwa a cikin wake, kuka da geron da ba a cire dusarsa duka ba, ƙwayoyin suna mayar da shi wani irin mai da ke ƙarfafa bangon hanji.

Sai dai ƙwayoyin ba alheri kaɗai suke yi ba. A shekarar 2013, Dokta Stanley Hazen da abokan aikinsa a Kilibland ta Amurka sun nuna cewa suna sarrafa wani sinadari na jan nama, hanta ta mayar da shi wani sinadarin da ake kira TMAO, wanda ake dangantawa da toshewar jijiyoyin zuciya. Mu da balangu da kilishi ba su cika nisa da mu ba, wannan magana ta shafe mu.

Game da zoɓo kuwa, binciken Jami'ar Tufts ta Amurka na 2010 ya gano cewa shan kofi 3 kullum na tsawon mako 6 ya rage adadin sama na awon hawan jini da kusan maki 7. Amma ku lura, ba zoɓon da aka cika wa sukari ba ne, irin wanda ake ƙullawa a leda. A ganina nan ne muke asara, domin yawan sukarin yana rushe amfanin da ake nema.

Wanda likita ya ɗora a kan maganin hawan jini kada ya ajiye shi don ya koma wa zoɓo, kuma ya sanar da likitan idan yana sha kullum, saboda haɗuwarsu na iya saukar da jini fiye da kima.