Ina Cajin Ya Tafi? Lacca Kan Motar Lantarki da Aka Ajiye Kwanaki Cikin Sanyi

Assalamu alaikum. Jama'a, barkanmu da warhaka, kuma na gode da kuka samu halarta. Na baya can, kuna ji na? To madalla.

Ƙorafin da za mu duba yau sananne ne a wurin masu motar lantarki a ƙasashen da hunturu ke tsanani. A ce mutum ya ajiye motarsa a filin jirgin sama da caji kashi 70 cikin ɗari, ya yi tafiyar mako guda, ya dawo ya tarar da kashi 40. Wani ma ko ƙofa ba za ta buɗe masa ba. Abin da zai fara fita bakinsa shi ne, sanyi ya shanye mini batir. Ni kuwa ina ganin ana ɗora wa sanyi laifin da yawancinsa ba nasa ba ne, kuma wannan ya dame ni, domin wanda bai gane ciwo ba maganin da zai nema sai ya ƙara masa ciwon.

Mu fara leƙa cikin batirin. Batirin litiyam, wanda kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991, yana da ɓangarori biyu, a tsakaninsu akwai wani ruwa. Idan ana caji, ƙwayoyin litiyam sukan ratsa ruwan su je su shige cikin ɓangaren da aka yi da girafait, wato baƙin abin nan da ke cikin fensir. Idan ana tuƙi, sai su komo. Wannan kai-komo shi ne wutar da ke juya taya. To idan sanyi ya yi yawa, ruwan nan yakan yi kauri, kamar dai yadda baƙin mai ke yin nauyi a injin da ya kwana a waje. Ƙwayoyin suna nan ba inda suka je, tafiya ce ta yi musu wuya. Sai ƙarfin wutar da batir ke iya bayarwa a lokaci guda ya ragu, kwamfutar da ke lura da batir ta duba ta ce, abin da zan iya ba ka yanzu bai kai na jiya ba. Shi ne za ka ga lamba ta sauka a allo.

Masu Tesla sun san wannan da idonsu. A safiyar sanyi sukan ga alamar dusar ƙanƙara kusa da hoton batir, wani yanki na hoton kuma ya koma shuɗi. Wannan shuɗin yankin caji ne da yake nan amma ba ya taɓuwa. Da batir ya yi ɗumi, ko ta hanyar tuƙi ko ta caji, sai ya dawo.

Akwai ma abin da zai ba wasu mamaki. Masanin kimiyyar nan na Siwidin, Svante Arrhenius, tun a 1889 ya bayyana yadda haɗuwar sinadarai ke raguwa da sauri idan zafi ya sauka. A ƙiyasi, kowane digiri 10 da aka rage, saurin yakan ragu da kusan rabi. Batirin litiyam da aka cire daga komai aka ajiye, abin da yake zubarwa da kansa bai wuce kashi 1 zuwa 3 cikin ɗari ba a wata guda, a wata fa, ba a rana ba. A cikin sanyi kuwa bai ma kai haka ba. Tsufan batir ma yakan yi jinkiri a sanyi. Zafi ne ke cinye rayuwar batir.

To in haka ne, ina kashi 30 ɗin mutuminmu ya tafi? Wani ɓangare ya ɓuya ne, zai dawo. Sauran kuma motar ce da kanta ta cinye, domin ba ta samu barci ba.

Nan nake so mu ɗan tsaya. Motar lantarki ta zamani, ko ka kulle ta ka tafi, kwamfutoci da dama suna aiki a cikinta. An tsara ta ne bayan wasu mintoci ta kashe su ɗaya bayan ɗaya, ta bar ɗan abin da zai saurari makulli da saƙon waya kawai. Wannan hali shi masu sana'ar ke kira barci, kuma motar da ta yi barci sosai wutar da take ja kaɗan ce ƙwarai. Littafin bayanin Tesla ya daɗe yana gaya wa masu motar su sa ran raguwar kimanin kashi 1 cikin ɗari a kowace rana, wasu motocin kuma ba sa ma kai haka.

Amma mu ɗauki tsarin gadi na motocin Tesla da ake kira Sentry Mode, wanda ke barin kyamarori a kunne suna ɗaukar duk wanda ya matso. Masu motoci sun sha auna shi suna samun wat 200 zuwa 300. Ku ɗauki biro mu yi lissafi tare. Wat 250 sau awa 24 ya ba mu wat-awa 6,000, wato yunit 6 irin wanda mitar wuta ke ƙirgawa. Batirin matsakaiciyar mota yana ɗaukar kamar yunit 60. Kun ga kashi 10 cikin ɗari ke nan a rana ɗaya. Kwana uku, kashi 30 ya tafi, ko ana sanyi ko ana rani. Shi ya sa kamfanin ya sa tsarin ya kashe kansa idan caji ya sauka zuwa kashi 20.

Sai kuma abin da ya fi ba ni tausayi. Mutum yana can wata ƙasa, hankalinsa bai kwanta ba, ya ji ana sanyi a gida, sai ya buɗe manhajar motar a wayarsa ya duba. Duk buɗewar da ya yi, saƙo ya je ya tashi motar, kwamfutoci su kunnu, sai an ɗauki lokaci kafin su koma barci. Ya ga an rage kashi 1, fargaba ta ƙaru, bayan awa biyu ya sake dubawa. Shi da hannunsa yake jawo abin da yake tsoro. Haka ma manhajojin wasu kamfanoni na daban da mutane ke haɗawa da motarsu don tattara bayanan tuƙi: wasunsu suna ta ƙwanƙwasa motar dare da rana. Kafin doguwar tafiya, ni shawarata a cire musu izini gaba ɗaya.

Ba na cewa sanyi ba shi da hannu ko kaɗan. Idan ya kai wani matsayi, motoci da yawa sukan kunna hitar batir don kare shi, kuma wutar daga batirin take fitowa idan ba a jone motar take ba. Wannan asara ce ta gaske. Kamfanonin ma sun sa iyaka a rubuce: Nissan ta ce kada a bar motarta Leaf sama da kwana bakwai a sanyin da ya wuce digiri 25 ƙasa da sifiri, Tesla kuma ta ce kada a wuce awa 24 a sanyin da ya zarce digiri 30 ƙasa da sifiri. Amma a digiri 5 ko 10 ƙasa da sifiri, motar da ta yi barci ba ta cika damuwa ba.

Yanzu mu koma kan wanda ƙofarsa ta ƙi buɗewa. Sau da yawa babban batirinsa lafiya lau yake. Akwai ƙaramin batir mai bolt 12, irin na motar fetur, a kusan kowace motar lantarki. Shi ke buɗe ƙofa, shi ke tayar da kwamfuta, kuma shi ke kunna manyan makunnan da ke haɗa babban batir da sauran mota. Idan ya mutu, ko babban yana kashi 90, motar ba za ta motsa ba sai an jona wani batirin. A yawancin motoci na darma ne da asid, kuma shi kam sanyi ba ya masa da sauƙi. Idan ya cika caji yakan jure sanyin da ya wuce digiri 50 ƙasa da sifiri, amma idan ya yi ƙasa sosai ruwansa kan iya daskarewa da ɗan sanyi kaɗan ƙasa da sifiri. Babban batir ne ke ciyar da shi lokaci-lokaci, kuma motoci da dama sukan daina hakan idan babban ya yi ƙasa sosai. Don haka duk wanda ƙaramin batirinsa ya haura shekara uku ko huɗu, ya kai a auna kafin hunturu ya shigo. Aikin 'yan mintoci ne.

Hatsarin da ya fi girma yana ranar dawowa. Ka iso da dare, mota ta yi sanyi ƙalau, ka kunna hita. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta yi gwaji a 2019: a kusan digiri 7 ƙasa da sifiri nisan tafiya ya ragu da kashi 12 ba tare da hita ba, da hita kuwa kashi 41. Ka ce bari in tsaya in yi caji, sai ka ga wutar tana shiga a hankali. Da gangan motar ke yin haka. Idan aka tura wuta da ƙarfi cikin batirin da ke ƙasa da sifiri, litiyam ba ya samun shiga girafait, sai ya taru a samansa ya zama ƙarfe, kuma wannan ɓarna ba ta gyaruwa. Dole sai batir ya yi ɗumi tukuna, ɗumamawar kuma tana cin caji. Abin da ya faru ke nan a birnin Shikago na Amurka a tsakiyar Janairun 2024, lokacin da sanyi ya wuce digiri 18 ƙasa da sifiri: mutane sun iso wuraren caji da ɗan abin da ya rage da batir mai sanyi, layi ya yi tsawo, wasu cajojin suka ƙi aiki, motoci suka mutu a layi sai da aka kira janwe. A Norwe kuwa, inda kusan kashi 89 na sababbin motocin da aka saya a 2024 na lantarki ne zalla, hunturu na zuwa duk shekara kuma ana zirga-zirga, domin jama'a da yawa suna caji a gida, sun kuma saba ɗumama mota tana jone.

Na ga hannu a can. Bismillah, Alhaji.

Ga waɗanda ba su ji ba, yana tambaya ne kashi nawa ya kamata a bari, kuma ko a cika ta ɗari bisa ɗari. Allah ya ja da ranka, idan akwai soket, ko na bango ne, a jona ta a sa iyakar caji wajen kashi 50 zuwa 60, shi ke nan, hitar batir za ta sha daga bango. Idan babu, ka lissafa daga baya: abin da zai kai ka wurin caji mafi kusa a cikin sanyi da hita a kunne, ka ƙara kashi 1 na kowace rana, ka ƙara rara. Ga tafiyar mako guda, kashi 70 zuwa 80 ya wadatar da yawancin mutane. Barin batir a ɗari kwana da kwanaki yana gajiyar da shi, sai dai nau'in da ake kira LFP, wanda ya fi jure hakan. Shi kuma nasa halin daban ne: ƙarfin wutarsa ba ya canzawa sosai tsakanin cikawa da raguwa, don haka kwamfuta tana shan wahalar ƙiyasta abin da ya rage, musamman a sanyi. Mai irin wannan batir ya cika shi kafin ya fita daga gida don lissafin ya daidaita. Sannan ka kashe gadi, ka nemi wurin ajiya mai rufi in akwai. Ranar dawowa, ka sa wurin cajin a taswirar motar tun kafin ka tashi, domin motoci da yawa ta haka suke sanin su fara ɗumama batir a hanya.